Kati Za A Duba Ko Fasfo?

Ran nan muna zaune a ɗakin malamai, an fito daga aji ana jiran ƙararrawa, sai gardama ta tashi. Abin da ya jawo ta kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani daga cikinmu ne ya ke shirin tafiya taro a Ankara ta ƙasar Gana, yana ta jujjuya takardunsa, sai wani ɗan koren kati ya faɗo daga cikin fasfonsa, watau katin nan na allurar korona. Wani malami ya tsinta, ya duba, ya kwashe da dariya, ya ce wannan ai yanzu ko mai ƙosai ba ta karɓarsa ta yi ƙunshi. Ya ce duk abin nan da aka yi na rufe iyaka da tsare matafiya a ɗaki makircin Turawa ne kawai. Wani kuma ya taso masa, ya ce a'a, daidai suka yi, kowa ya ga kura ai ƙofarsa ya ke rufewa. Aka yi ta yi, ba mai sauraron wani, har aka buga ƙararrawa. Ni dai ban ce uffan ba. Na ce bari in kawo nawa nan, inda ba mai katse ni, wanda bai yarda ba kuwa ga fili, sai ya ba da amsa a fitowa ta gaba.

Ga abin da na ke gani. Ƙasa tana da ikon rufe ƙofarta in annoba ta taso, wannan ba ni da ja. Tana kuma da ikon ta ce wanda aka yi wa allurar rigakafi shi zai shigo kai tsaye, saura su jira. Amma fa ran da ta faɗi haka ta ɗaure kanta da alkawari. Wanda ya miƙa dantsensa aka soka masa allura, ya zo da shaida, sai a buɗe masa, ko daga wace ƙasa ya fito. In aka ce kati za a duba, sa'an nan aka koma duban fasfo, an yi zalunci. An kuwa yi mana shi a 2021. Sai dai mu ma muna da namu laifin, zan kuwa zo kansa.

Da farko dai, malamin nan mai dariya ya yi kuskure da ya ke tsammani tsare matafiyi sabon abu ne. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa Sham, ya isa wani wuri da a ke kira Sarg, sai aka tare shi da labarin annoba ta sauka can. Ya yi shawara da Sahabbai, ra'ayi ya rabu biyu, ya yanke a koma. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta ke ciki, ya kuma hana na ciki su fita don gudunta. A Turai kuwa, a 1377 mutanen birnin Raguza suka yi doka cewa wanda ya fito daga ƙasar annoba sai ya zauna kwana 30 a waje kafin ya shigo gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40, daga kalmar arba'in ta bakin mutanen Italiya kuwa sunan abin ya fito. Kakanninmu da suka bi ta ƙasa zuwa Makka sun san shi sarai, gama a Sawakin, bakin Bahar Maliya, a kan tsare su, a yi musu lamba da allurai kafin su haye. Har yau akwai unguwa a Jidda da a ke kira Karantina, sunan ke nan ya bi ta.

Hikimar abin kuwa ba ta da wuyar ganewa. Cuta ta kan kwanta a jikin mutum 'yan kwanaki kafin ta bayyana, yana tafiya yana ci yana sha, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Ta korona ta kan kai har kwana 14. Saboda haka a kan ce ya zauna wuri ɗaya har kwanakin su cika. In ya fito lafiya, shi ke nan. Watau tsarewa jira ce kawai, abin da a ke yi sa'ad da ba a da wata dabara.

Mu ma ai mun yi. A ƙarshen Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar a Ikko, ran 23 ga Maris kuwa Gwamnatin Nijeriya ta hana jiragen sama na waje sauka. Ba a buɗe ba sai ran 5 ga Satumba, shi ma Ikko da Abuja kaɗai, filin jirgin Kano kuwa sai Afrilu 2021. Wanda ya shigo sai ya zo da takardar gwaji, ya keɓe kansa kwana 7, a sake gwada shi. A Mayu 2021 kuma muka hana baƙin da suka fito daga Indiya da Birazil da Turkiyya shigowa. Saboda haka kada mu riƙa magana kamar mu kaɗai aka rufe wa ƙofa, mu ba mu rufe wa kowa ba.

Amma ƙofa ba ta zama a rufe har abada. Fatake sun zauna, jari yana narkewa. Ɗalibai sun sami gurbin karatu a waje, sun rasa hanya. Wani uwarsa ta rasu bai ga gawarta ba. Da allura ta samu, sai ƙasashe suka ga ga mabuɗi. Wanda aka yi wa ita, ko ya kamu, galibi ba ya kwanta rai a hannun Allah, ba zai je ya cika musu gadajen asibiti ba. Sai aka fara cewa mai kati ya wuce, marar kati ya jira. Nijeriya ma a Oktoba 2021 ta ɗauke wa masu cikakkiyar allura zaman kwana 7 ɗin nan, a Afrilu 2022 kuma ta ɗauke musu gwajin kafin tasowa.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne aikin Haji. A 2019 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka tsaya Arfa. A 2020 kuwa ba a bar kowa ya zo daga waje ba, 'yan kaɗan ne daga mazauna Sa'udiyya suka yi, ba su wuce 10,000 ba. Duk wanda ya ga hoton ɗawafin shekaran nan, mutane tsilla tsilla kowa a kan zanen da aka ja masa, ya san duniya ta shiga wani hali. A 2021 aka ce mutum 60,000, su ma mazauna ƙasar, masu allura. Sai a 2022 aka buɗe wa na waje, aka ce mutum miliyan 1, da sharaɗi uku: cikakkiyar allura, da takardar gwajin da aka yi cikin sa'a 72 kafin tasowa, da kuma kada shekarun mutum su wuce 65. Nijeriya ta sami kujera 43,008, alhali a da 95,000 a kan ba ta.

Sharaɗin shekaru ɗin nan ya yi ciwo. Ina da wani kawu da ya shekara goma sha yana tara kuɗin kujera daga cinikin goro, ya biya a farkon 2020, aka rufe. Kafin a buɗe ya haye 65. Ya yi allura biyu, ya ƙara ta uku, ga katinsa a aljihu, aka ce ba shi. Ran da abokan tafiyarsa suka tashi bai fito zaure ba. Allah ya yi masa tsawon rai ya sauke farali a 2023, da aka ɗage sharaɗin, amma na san tsofaffin da ba su kai ba. Duk da haka ban ce an zalunce shi ba. Dokar ba ta ce ɗan Nijeriya ba, tsoho ta ce, ta kuwa hau kan tsohon Misira da na Indunusiya da na Turkiyya daidai wa daida. Akwai kuma dalili a fili, gama cutar ta fi kashe tsofaffi, cunkoson Mina kuwa ba wasa ba ne. Alhazanmu ma ba su ga baƙon abu ga maganar kati ba, tun da ya ke an daɗe ba a zuwa Haji sai da allurar sanƙarau.

To, yanzu ku dubi abin da Ingila ta yi. A Satumba 2021 ta ba da sanarwa cewa daga ran 4 ga Oktoba mai cikakkiyar allura zai shiga ba tare da keɓe kansa ba. Madalla. Amma sai ta jera ƙasashen da ta yarda da allurarsu, ba ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Wanda aka yi wa allura a Ikko ko Kano, in ya sauka London, lissafinsa ɗaya da wanda bai taɓa ganin allura ba, sai ya zauna a gida kwana 10, a gwada shi sau biyu da kuɗinsa. Abin dariya, abin takaici, wace allura ce aka yi mana? AstraZeneca ce, wadda masanan Jami'ar Oksfod ta Ingila suka ƙago. Kashin farko da ya iso Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, a Indiya aka sarrafa shi da izinin masu ita. A watan Agusta kuwa Ingila da kanta ta aiko mana da kusan 700,000 kyauta. Kai jama'a! Mutum ya ba ka tuwo da hannunsa, ka ci, sa'an nan ya ce bai yarda ka ƙoshi ba? Da surutu ya yi yawa, Indiya ma ta rama ta ɗora wa Ingilishi irin wannan doka, sai ran 11 ga Oktoba aka ƙara ƙasashe, har da Nijeriya da Gana.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata. Ran 24 ga Nuwamba likitocin Afirka ta Kudu suka sanar da duniya sun gano wani sabon launi na cutar, wanda aka sa wa suna Omikuron. Aikin kirki suka yi, ba su ɓoye ba. Ladan da suka samu shi ne aka rufe musu ƙofa. Ingila ta ja wa ƙasashe 10 na kudancin Afirka jan layi, ran 6 ga Disamba ta ƙara da Nijeriya, suka zama 11, dukansu na Afirka. Ta ce ta sami mutum 21 masu sabon launin waɗanda ke da alaƙa da tafiya daga Nijeriya. Ma'anar jan layin kuwa, baƙo ba ya shiga sam. Ɗan ƙasa ko mai izinin zama in ya dawo, daga filin jirgi sai otal ɗin da Gwamnati ta zaɓa, ya yi kwana 10 a kulle, ya biya fam 2,285 daga aljihunsa. Da allura da ba allura duk ɗaya. Kanada ma ta hana mu, Sa'udiyya kuma ta dakatar da jiragenmu a watan nan, ban ɓoye wannan ba don na yabe ta a sama.

Na san abin da malami na biyu zai ce, yana kuwa da 'yar gaskiya. Zai ce sabon launin nan yana kama har masu allura, ba a kuwa san iyakar sharrinsa ba a lokacin, to, laifi ne mutum ya yi hattara? Ba laifi ba ne. Amma in hattara ce, a yi wa kowa. A ƙasar Holan an koma an duba samfurin da aka ɗiba daga majinyata ran 19 da ran 23 ga Nuwamba, aka tarar da Omikuron a ciki, watau tun kafin Afirka ta Kudu ta yi magana yana Turai. Ingila ba ta ja wa Holan jan layi ba. Mai allura da ya taso daga can sai a gwada shi, ya tafi gidansa ya jira sakamako. Mai allura iri ɗaya da ya taso daga Ikko sai otal da fam 2,285. Cuta ɗaya, allura ɗaya, hukunci biyu. Me ya raba su in ba fasfo ba? Jakadan Nijeriya a London, Sarafa Tunji Isola, ya kira abin wariya, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya yi amfani da wannan kalma.

Ƙarshenta kuwa ran 15 ga Disamba aka soke jan layin gaba ɗaya. Ministan lafiya na Ingila, Sajid Javid, ya gaya wa Majalisarsu cewa cutar ta riga ta bazu a cikin gida, dokar ba ta da sauran amfani sosai. Kwana 9 ke nan da sa Nijeriya. Ihu bayan hari. Amma a cikin kwana 9 ɗin nan an fasa bukukuwan aure, ɗalibai sun kasa zuwa hutu gida, waɗansu sun ci bashi sun biya otal.

Kada a ce tsanani na ke ƙi. Ostireliya ta fi Ingila tsanani nesa ba kusa ba. Ta rufe a Maris 2020, ba ta buɗe wa baƙi duka ba sai ran 21 ga Fabrairu 2022, kusan shekara biyu. Amma da ta buɗe, mai cikakkiyar allura da biza ta ce, ba ta ware nahiya ba. A Janairun shekaran nan kuwa Novak Djokovic, wanda a lokacin ba wanda ya fi shi a wasan tanis a duniya, ya je ba allura. Aka yi ta shari'a, aka sa shi a jirgi aka mai da shi. Mutum ya iya cewa dokar ta yi tsauri, amma ba ya cewa ta dubi fuska.

Akwai wata magana kuma da ba na so in tsallake. A Afrilu 2021 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara kada a mai da katin allura sharaɗin shiga ƙasa, ɗaya daga dalilansa kuwa shi ne allurar ba ta wadatu ko'ina ba. Gaskiya ne. Ƙasashe masu arziki sun saye ta tun tana masana'anta. Shekarar 2021 ta ƙare waɗanda suka sami cikakkiyar allura a Nijeriya ba su kai 5 cikin 100 ba. Wadda aka aiko mana ma, wata ta zo ranar lalacewarta ta kusa, har a Disamba aka haƙa rami a Abuja aka binne fiye da miliyan 1. Wanda bai sami allura ba don babu, ba daidai ya ke da wanda aka kai masa har ƙofa ya ƙi ba. Saboda haka a ganina marar kati a bar masa ƙaramar ƙofa, a gwada shi, ya yi zaman jira, ya shiga. Inda za a taru miliyoyi kafaɗa da kafaɗa kamar Haji, can ne na yarda a ce sai da kati.

Sauran namu laifin. Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, me ya sa a ke shakkar takardarmu? Shekarun baya na je wani ofis neman katin nan rawaya na allurar shawara. Tun ban kai ƙofa ba wani saurayi ya tare ni, ya ce, "Malam, da allura ko ba allura?" Na ce me ka ke nufi? Ya ce in ina sauri in kawo kuɗi da fasfo, kafin in sha ruwa ya kawo mini kati da hatimi da sa hannu. Na ce na gode, da allura na ke so. Ya dube ni kamar wanda ya ga mahaukaci. Da na shiga, allurar ba ta ɗauki minti biyar ba. A Maris 2012 Afirka ta Kudu ta komo da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgi, ta ce katunansu na jabu ne. Gwamnatinmu ta fusata ta rama, har suka ba da haƙuri, ya kuwa kamata su bayar, gama ba a yi wa mutane haka a jimlace. Amma ni da na gamu da saurayin nan, na san ruwa ba ya tsami banza. Dalilin jabu ne ma ya sa aka sake katin, aka yi sabo wanda a ke iya bincikawa ta na'ura, koren katin korona ma aka yi masa irin wannan alama.

Wanda ya sayi kati ba allura yana tsammani wayo ya yi. Bai san abu biyu ya yi ba. Ya tafi ƙasar mutane da jiki a buɗe, ya iya kwaso cuta ya kawo wa 'ya'yansa. Sa'an nan ya zubar da darajar katin kawuna, wanda ya bi layi sau uku a rana tsaka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Duk sa'ad da aka kama jabu ɗaya, an miƙa wa mai neman dalilin ƙin mu dalili a hannu.

Abin da ya sa na kawo maganan nan cikin mujallar kwaleji, ko da ya ke tun ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matsayin gaggawa, shi ne ku ɗalibai gobe ku ne malamai. Waɗansunku za a tura su ƙauyen da ba likita, ba malamin asibiti. Ran da masu allura suka zo, uban yara ba zai tambayi Gwamnati ba, malamin makaranta zai tambaya, "Malam, a bari a yi musu?" Abin da kuka ce shi za a yi. Mun ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, sa'ad da aka tsai da allurar shan inna a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashe, aka kai ga ɗiga wa alhazanmu maganin a baki in sun sauka Jidda, tsofaffi da furfurarsu. Sai a Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita, watau irin wadda ke yawo da kanta. In kun koya wa yaro cewa satar amsa a jarrabawa haramun ce, ku haɗa masa da cewa sayen takardar asibiti ma ita ce, har ta fi muni, gama wannan da rai a ke wasa.

Ina kuma roƙon hukumar kwaleji, in da hali, ta nemi ma'aikatan lafiya su ware rana guda a kowace shekara su zo su yi wa sababbin ɗalibai allurar shawara, su nuna musu yadda a ke samun katin na gaskiya. Sau ɗaya a ke yinta, tun 2016 kuwa aka daina sabunta katin bayan shekara 10, ya zama na muddin rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, gama katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki.

Shi kuwa mai tafiya Ankara, na ga ya karɓe koren katinsa daga hannun mai dariya, ya kaɗe shi, ya mai da shi cikin fasfo. Wannan ba za a tambaye shi a can ba yanzu. Rawayan za a tambaya, da na ce ina ya ke kuwa, sai ya yi shiru, ya ce ran Litinin zai je. Na ce masa in saurayin nan ya tare shi a ƙofa, ya ce da allura.